Akwatunan Zumar Ntate Sun Yi Nauyi

Ha Molupe, Pitseng
7 ga Afrilu, 1991

Zuwa ga mahaifina abin ƙaunata,

Ntate, ina gaishe ka da ladabi, tare da fatan ka isa Welkom lafiya, kuma aikin haƙar ma'adinai a ƙarƙashin ƙasa bai tayar maka da ciwon bayan nan ba. Mu nan duk lafiya lau muke. Mama ta koma kamfanin ɗinki a Maputsoe ranar Talata, sai ƙarshen wata. Gida ya rage daga ni sai kakata Nkhono sai kaji. Jar saniya ta daina tari.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne in ba ka labarin akwatunan zuma huɗu da ka bari a hannuna. Na rubuta umarninka a bangon littafin lissafina don kada in manta. Zumar da ke bene na sama ba tamu ba ce, abincin ƙudan ne har sanyi ya wuce. Daga bikin Ista ba a buɗe murfi, don kada ɗumin ciki ya fice. Kowace Asabar in ɗaga kowane akwati ta baya da hannu ɗaya, sannan in ɗaga dutsen awonka da ke gindin bishiyar perekisi, kuma muddin akwati ya fi dutsen nauyi, babu damuwa. Jiya na yi haka. Dukansu sun fi dutsen da kaɗan.

Sai dai akwai wata 'yar matsala. Kwalba biyun da ka ba Nkhono daga girbin ƙarshe sun ƙare. Matan cocinsu sun zo ranar Alhamis, kuma ka san yadda suke shan shayi. Washegari ta ce in ciro mata ko da saƙa ɗaya ce. Na ce ka hana. Ta ce in gaya maka ita ta haife ka, ba kai ka haife ta ba, kuma a shekara saba'in da uku da ta yi a duniya ba ta taɓa jin ƙwaro mai rumbu ba.

Muna cikin haka sai ga Malome Potlako, ɗan'uwan Mama, a kan dokinsa. Ko sauka bai gama yi ba ya ce: “Mochana, na ji an yi miki sarautar ƙudan zuma. To, kin san al'ada. Abin da ɗiyar 'yar'uwa ta fara samu a rayuwa, na kawunta ne. Ina rabona?” Nkhono ta ce masa wanda yake cin kan kowace dabbar da aka yanka a gidan nan bai kamata ya bi ƙwari ma ba. Ya ce al'ada ba ta ware ƙwari ba.

Ntate, ka san ba na iya duban babba a ido. Amma na tuna ka ce wannan amana ce, sai na kai su bayan gida na yi musu bayani kamar yadda ake yi mana a aji. Na nuna musu dutsen awo, na ɗaga akwati a gabansu, na ce ko allon saƙa ɗaya ya fita zan gane, domin nauyi zai ragu. Na yi mamakin yadda suka natsu. Malome har tambayoyi ya yi. Ya ce: “Wato ke ba kya leƙa ciki ko kaɗan?” Na ce ko kaɗan. Ya ce: “Nauyi kawai?” Na ce nauyi kawai. Ya girgiza kai ya ce lallai karatu abu ne mai amfani. Nkhono ma ta gwada ɗaga dutsen har sau biyu. Tun daga ranar babu wanda ya sake yi mini maganar zuma, kuma na ji daɗi ƙwarai da suka fahimta.

Ka gaishe da mutanen garinmu da ke tare da kai. Allah ya tsare mana kai.

'Yarka mai biyayya,
Sebolelo

Ha Molupe
5 ga Mayu, 1991

Ntate abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Wasiƙarka ta iso, na karanta wa Nkhono sau biyu, ban da wurin da ka ce kada in saurare ta. Wannan layin na tsallake shi, ka yi haƙuri.

Sanyi ya fara. Furannin bakin hanya duk sun bushe, kuma da safe ciyawa fara fat take. Lafiyar gida da sauƙi, amma an yi 'yan rashin lafiya. Makonni biyu da suka wuce na dawo daga makaranta na tarar idon Nkhono na hagu ya kumbura ya rufe ruf. Ta ce haƙori ne. Na tuna mata cewa ba ta da haƙori a wannan gefen, ta ce ai shi ya sa ciwon ya haura sama, bai sami wurin zama ba. Na dafa mata ruwan gishiri. Bargonta ma yana ta warin hayaƙin kashin shanu, ga ƙuna a gefe ɗaya. Ina jin tsufa ya sa tana matsawa kusa da wuta da yawa.

Malome ma bai tsira ba. Ranar Lahadin da ta biyo baya ya zo coci leɓensa na sama ya yi kamar burodi. Ya ce doki ne ya buge shi da kai. Da suka haɗu da Nkhono a bakin ƙofa sun daɗe suna kallon juna, ita da ido ɗaya, shi da baki a murɗe. Ta ce: “Sannu, Potlako. Dokin nan naka yana da fiffike ne?” Ya ce: “Sannu, Nkhono. Haƙorin ma na ji yana tashi sama.” Ban gane wasan ba, amma na ji daɗi da suka fara shiri.

Wani abu kuma, ɗan dutsen niƙan Nkhono ya ɓace, wanda take niƙa dawa da shi. Ta ce tana zargin maƙwabta, amma ta hana ni in je in tambaya. Yanzu aro muke yi.

Na ajiye labari mai daɗi sai ƙarshe. Ntate, akwatunanka ba raguwa suke yi ba, ƙaruwa suke yi! Ka ce mini za su riƙa sauƙi a hankali yayin da ƙudan ke cin abincinsu. To, na ɗaya da na biyu sun ɗan ƙara nauyi, na uku ya ƙara sosai, na huɗu kuwa jiya da hannu biyu na ɗaga shi, da ƙyar. Ban san inda suke samo fure a wannan sanyin ba, amma na tabbata ƙudanka sun fi na kowa himma. Sun dai ƙara faɗa, ko wucewa na yi sai su biyo ni. Da na faɗa wa Nkhono labarin nauyin, ta ce ai albarka ce, in daina yawan bincike a kan albarka.

Ina fatan wannan zai faranta maka rai a can. Mama ta zo ta koma, tana gaishe ka.

'Yarka,
Sebolelo

Ha Molupe
26 ga Mayu, 1991

Ntate,

Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya. Ka yafe mini gajeriyar gaisuwa. Na karya umarninka na biyu, kuma gara ka ji daga bakina.

Ga yadda aka yi. Ranar Laraba Ticha Ramaili, malaminmu na aikin gona, yana koyar da kiwon zuma. Ka san tun da na shiga sakandare ban taɓa ɗaga hannu a aji ba. Ranar na ɗaga. Na tashi na ce akwatunan mahaifina suna ƙara nauyi a watan Mayu. Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce: “Sebolelo, bayan ƙanƙara ta kashe fure? Sai dai in ƙudanku sun koma aikin haƙar ma'adinai kamar mahaifinki.” Aji ya fashe da dariya. Na zauna ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Bayan an tashi ya kira ni gefe, ya ce ba wasa yake yi ba, in zaɓi rana mai ɗumi da tsaka, in buɗe da sauri in gani.

Kwana biyu ina fama da zuciyata. Jiya Asabar da rana tsaka, babu iska, na kunna hayaƙi na buɗe na huɗu.

Ntate, a benen sama alluna goma ka bari cike da zuma. Biyu na tarar. A gurbin sauran akwai ɗan dutsen niƙan Nkhono, da tsohon ƙarfen garma mai harafin P da aka buga a jiki, da duwatsu uku na katangar garke. Ƙudan ma har sun fara liƙe dutsen niƙan da danƙo, kamar sun haƙura sun karɓe shi a matsayin ɗan gida. A na uku na sami takalman doki guda shida da guduma marar ƙota. Na ɗaya da na biyu da sauƙi, alluna uku uku aka cire aka sa duwatsu a gurbinsu. Na zauna a ƙasa na yi kuka, domin ni da bakina na koya musu yadda za su yi.

Daga nan ban san abin yi ba. Yarinya ba ta cewa kakarta ta yi sata, ba ta kuma faɗa wa kawunta haka. Na yi ta tunani har na gama wanke-wanke. Sai na wanke kayan tas, na ajiye su.

Yau bayan coci Malome ya biyo mu cin abinci kamar kullum. Na kawo papa, tuwonmu na masara, da ganye, na kawo ruwan wanke hannu. Sannan na koma na ɗauko dutsen niƙa a kan faranti, na durƙusa na ajiye a gaban Nkhono, na ce: “Nkhono, ga abinki da ya ɓace.” Na ɗauko ƙarfen garma da takalman doki, na durƙusa a gaban Malome, na ce: “Malome, ina jin waɗannan naka ne.” Na koma bakin ƙofa na sunkuyar da kai.

Suka dubi kayan, suka dubi juna.

Nkhono ce ta fara. Ta ce: “Potlako, ashe kai ne! Ni ina ta mamaki, na sa dutse ɗaya na dawo na tarar ya haihu.” Malome ya ce: “Ni? Ranar da na fara buɗewa dutsen niƙa ne ya gaishe ni! Na ce tunda manya sun buɗe hanya, wane ni in ƙi bi?” Ta ce ita don maganin ƙirji ta ɗiba. Ya ce wane irin ƙirji ne yake shan allo tara. Ta ce bakwai ne. Ya ce shi dai haƙƙinsa na al'ada ya ɗauka. Ta ce al'adar gidan su wa ta ce a biya ƙudan zuma da takalmin doki.

Sun fi minti ashirin a haka. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ji kaina ina cewa: “Za su mutu.” Suka juyo. Na ce saura wata uku perekisi ta yi fure, abin da ke cikin na uku da na huɗu ba zai kai su ƙarshen Yuni ba, kuma Ntate ya yi shekara shida yana tara waɗannan akwatuna.

Nkhono ta tashi. Ta shiga ɗaki ta buɗe akwatin bargunanta, ta fito da kwalba biyar da rabi. Sauran, in ji ta, matan coci sun yi addu'a a kai sun shanye. Aka dubi Malome. Ya yi ta murza hularsa, daga baya ya ce nasa ya tafi ƙetaren rafi, gidan wata baiwar Allah da mijinta ya rasu bara, domin tana yawan tari. Nkhono ta ce tarin nan kam ya yi yawa a ƙasar nan bana. Ta ce ya kawo buhun sukari kafin Laraba, in ba haka ba ita da kanta za ta haye rafin ta je duba mai tari.

Ntate, ka yi fushi da ni in ka ga dama, na cancanta. Amma ka rubuto ka gaya mini ko akwai abin da ya kamata in yi wanda ban sani ba.

'Yarka mai neman gafara,
Sebolelo

Ha Molupe
30 ga Yuni, 1991

Mahaifina abin ƙaunata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan sanyin can bai kai namu ba. Nan dusar ƙanƙara ta rufe duwatsu tun makon jiya. An ba mu hutu, na zo ta uku a aji.

Na gode da wasiƙarka. Na ji sanyi a raina da ka ce ba ka yi fushi ba. Wurin da ka ce ka yi dariya har abokan ɗakinka suka zaci ka zautu, shi ma ban karanta wa Nkhono ba.

Malome ya kawo sukarin ranar Talata, kwana ɗaya kafin wa'adi. Na bi shawararka da ta Ticha Ramaili. Zumar Nkhono na mayar wa na uku da na huɗu. Sukarin kuma ina yayyafa masa ruwa kaɗan ya dunƙule, in shimfiɗa takarda a kan alluna in ɗora, in rufe da sauri. Gurbin da babu alluna na cusa busasshiyar ciyawa a buhu don kada ɗakin ya yi musu faɗi. Uku suna ci sosai. Na huɗu ne ke damuna, ba su da yawa, kuma in na kara kunne a jikin katako ƙararsu can ƙasa take.

Yanzu matsalata ita ce taimako ya yi yawa. Nkhono ta ce ita ta jawo, ita za ta gyara. Ta fito da barguna huɗu, har da mai zanen masara da take ajiye wa biki, ta lulluɓe kowane akwati, ta maƙale da babban fil a gaba kamar yadda mace ke yi. Da ƙyar na roƙe ta ta bar musu ƙofa. Ranar Juma'a da safe akwai hazo, Fada, limamin cocinmu, ya biyo ta bayan gida a kan jakinsa, ya cire hula ya ce: “Barkanku da hutawa, iyayena mata.” Da ba su amsa ba, ya ƙara ɗaga murya. Daga baya ya tambayi Nkhono ko baƙinta kurame ne.

Malome kuwa kullum sai ya zo ya kara kunne a na huɗu, ya ce: “Mochana, suna nan?” Ya ma kawo shawarar a zuba musu ɗan giyar dawa don su ji ɗumi. Na ce a'a. Ntate, na ce wa Malome a'a, ido cikin ido, kuma ya ce to.

Nkhono ta daina sa sukari a shayi. Babu wanda ya hana ta. Takan kurɓa ta yamutsa fuska, ta dubi taga ta ce: “Ku ci, 'yan banza, ku ci.”

Ka sa mu a addu'a, musamman na huɗu.

'Yarka,
Sebolelo

Ha Molupe
1 ga Satumba, 1991

Zuwa ga Ntate,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke. Mama tana gida wannan makon, ta ce a gaya maka ka taho da gilashin taga in za ka zo Kirsimeti.

Perekisi ta yi fure tun Litinin. Duk bayan gida ya zama ruwan hoda. Na ɗaya da na biyu da na uku suna fita kamar ana korarsu, suna dawowa ƙafafunsu ɗauke da garin fure. Na uku da muke tsoro ma ya fi kowa hayaniya.

Na huɗu bai fita ba. Na jira kwana uku. Ranar Alhamis na buɗe, Nkhono da Malome suna tsaye a bayana. Sun taru wuri ɗaya, ba su fi cikin tafin hannuna ba, sarauniyar tana tsakiya, kuma duk sun bushe. Sukarin yana sama da su da tazarar yatsa uku, ba su iya hawa ba saboda sanyi. Ticha Ramaili ya ce tun a Mayu suka ragu da yawa, da wuya su kai. Duk da haka nakan ce ina ma na buɗe makonni biyu kafin ranar da na buɗe a Mayu.

Malome ya cire hula. Nkhono ta goge ido da gefen bargo, ta ce hayaƙi ne, alhali ban kunna hayaƙi ba. Daga nan suka fara gardamar wanda ya fi ɗiba a wannan akwatin. Amma wannan karon kowa cewa yake yi shi ne.

Na kankare akwatin na shanya shi a rana. Malome ya ce ya san wani kogon dutse da ƙudan ke tashi duk Oktoba, zai raka ni mu kamo.

Ntate, akwai abin da nake so in roƙa, kuma na fi iya faɗinsa a takarda. Ka bar mini huɗu, zan mayar maka da uku, na sani. Amma ina so ka bar su a hannuna ko bayan ka dawo. Na fara gane su. In ka yarda, baɗi zan yi girbin ƙarshe da wuri, in ware wa Nkhono da Malome rabonsu a fili tun kafin su nema, sauran kuma in riƙa dubawa da idona.

Na riga na gwada faɗin haka jiya a wurin cin abinci, a gaban Mama. Malome ya fara cewa ai shi a ganinsa tunda fure ya fito, ana iya ɗan taɓa na ɗaya a ƙarshen wata. Na ce babu mai taɓa komai sai Disamba, kuma sai na buɗe na gani. Ya buɗe baki zai yi magana, Nkhono ta buga masa cokali a hannu. Ta ce: “Potlako, kurma ne kai? Mai akwati ta yi magana.”

Ina jiran amsarka. Kowa na gida yana gaishe ka. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Ni ce 'yarka,
Sebolelo